Wa Ka Taɓa Tsaya Wa?

Ƙannena maza da mata, a 'yan shekarun nan babu maganar da na fi ji a bakinku kamar "taimakon al'umma". Kowace unguwa da ƙungiyarta, kowane aji da ya gama makaranta da gidauniyarsa, an buga riguna masu tambari, an naɗa shugaba da ma'aji da jami'in hulɗa da jama'a. Allah Ya sani ban raina ba, gara wannan da zaman majalisa ana cin naman mutane. Sai dai al'umma ba ta da ƙofar gida. Ba ta buga maka waya da ƙarfe biyun dare, ba ta zo maka da takardar sammaci hannunta na rawa, ba ta kuma jawo maka fushin mai mulki. Shi ya sa son ta yake da araha. Mai tsadar shi ne mutum ɗaya, mai suna da sunan uba, wanda matsalarsa za ta ci maka lokaci da kuɗi, ta hana ka barci, kuma ba lallai ne ya dawo ya ce ya gode ba. Tambayar da nake so kowannenku ya riƙa yi wa kansa ita ce: wa na taɓa tsaya wa, har aka kai ƙarshe ban zame ba?

Mutumin da ya sa ni wannan magana ya rasu tun ranar 5 ga Satumba, 2009, lokacin da yawancinku kuna firamare, wasunku ma ba a yaye su ba. Sunansa Abdul-Ganiyu Oyesola Fawehinmi, amma duk Najeriya Gani take ce masa. Bayarabe ne, Musulmi, an haife shi a Ondo ranar 22 ga Afrilu, 1938. Mahaifinsa attajirin katako ne, mai riƙe da sarautar Seriki Musulmi ta garin, don haka ba a cikin babu ya tashi ba. A Landan babu ta riske shi. Ya tafi karatun lauya a 1961, yana tsakiyar karatu mahaifin ya rasu, kuɗin da ake aiko masa suka yanke. Ɗan masu gari ya koma wankin ban-ɗaki a wani otal da ke Russell Square, da shara a filin jirgin sama na Gatwick, yana bin littattafansa da kansa a ɗan lokacin da ya rage masa. A haka ya ci jarrabawa, ya dawo gida a 1964, ya zama cikakken lauya a Janairun 1965. Wanda ya taɓa durƙusawa ya wanke masai don ya haɗa kuɗin jarrabawa, ba sai an yi masa lacca a kan halin da ɗalibi marar galihu yake ciki ba.

Shekara huɗu da fara aiki, a 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa kuma soja ke mulki, wani ma'aikacin masana'anta a Jos mai suna Bala Abashe ya yi ƙorafin cewa sakataren gwamnatin jihar Binuwai-Filato ya shiga tsakaninsa da matarsa. Ku auna tazarar da ke tsakanin mutanen nan biyu. Ɗaya lebura ne, ɗaya kuwa daga gwamnan soja Joseph Gomwalk sai shi a harkar mulkin jiha. Shawarar da kowa zai ba lebura a irin wannan hali sananniya ce: a bar kaza cikin gashinta, ka bar wa Allah. Gani a lokacin bai wuce shekara 31 ba, a Legas yake zaune, ba garinsu ɗaya da Abashe ba, ba yarensu ɗaya ba, amma ya karɓi shari'ar bai nemi ko sisi ba. Aka matsa masa ya janye, ya ƙi. Ƙarshenta aka kama shi, aka yi ta yawo da shi daga Kaduna zuwa kurkukun Jos, da na Ilori, da na Legas, har tsawon watanni. Wannan ne ɗaurinsa na farko. Ba a kan tsarin mulki aka yi shi ba, ba a kan dimokuraɗiyya ba. A kan auren wani talaka ne wanda, ba don wannan shari'a ba, da yau babu mai tuna sunansa.

A 1973 sai ga ta Minere Amakiri, wakilin jaridar Nigerian Observer a Fatakwal. Ya rubuta labarin koken malaman makaranta na jihar Ribas, aka yi rashin sa'a labarin ya fito ranar da gwamnan soja Alfred Diete-Spiff ke bikin zagayowar ranar haihuwarsa. Dogarin gwamna ya sa aka kamo shi, aka yi masa askin ƙwal-kwabo na wulaƙanci, aka tsula masa bulala 24, aka kulle shi. A wancan zamani wa ya isa ya yi ƙarar gidan gwamna? Gani ya maka dogarin a kotu, ya kuma yi nasara, aka yanke wa Amakiri diyya ta kimanin naira 10,000, lokacin da naira take naira.

Wadda ta fi kusa da ku, ɗalibai, ita ce ta Jami'ar Maiduguri. A Fabrairun 1983 aka yi tarzoma a jami'ar, aka yi ƙone-ƙone da ɓarna, hukumar makaranta ta kafa kwamitin bincike, ta kori ɗalibai. Sai dai shugaban kwamitin, wato mataimakin shugaban jami'a, yana cikin waɗanda ɓarnar ta shafa. Gani ya ɗauki shari'ar ɗaliban, Garba da 'yan'uwansa, har gaban Kotun Ƙoli, kuma a 1986 kotun ta ce korar ba ta halatta ba. Wanda aka yi wa ɓarna ba ya zama alƙali a kan wanda yake zargi, sannan laifi irin na ƙone-ƙone da wawaso kotu ce ke da hurumin yanke shi, ba kwamitin malamai ba. Har gobe ɗaliban shari'a a Zariya da Kano da Sakkwato suna haddace wannan hukunci saboda jarrabawa. Abin da nake so ku lura da shi, duk waɗannan manyan ƙa'idoji da sunan mutum ɗaya suka shiga littafi. Sai da wani ya zauna ya saurari Garba, ya karɓi takardar korarsa, ya bi ta kotu-kotu har shekara uku.

To, kada wani ya tashi daga nan da tunanin cewa zafin zuciya ne ya yi wannan aiki. Zuciya kam akwai ta, har ta so ta yi yawa, amma ihu ba ya cin shari'a a gaban alƙalan Kotun Ƙoli. Gani mayen karatu ne. Ofishinsa da ke Anthony Village a Legas ya tara ɗakin littattafan shari'a wanda ake lissafawa cikin mafi girma na masu zaman kansu a ƙasar nan, kuma lauyoyin da suka taso a hannunsa, irin su Mike Ozekhome da Festus Keyamo, ba hutu suka je yi a can ba. A da, idan babbar kotu ta yanke hukunci, sai a daɗe ƙwarai kafin a buga shi a littafi. Manyan lauyoyin Legas masu hanya su ke samun kwafi, su adana a aljihun tebur, ranar shari'a su zaro su kayar da ƙaramin lauyan da ya taho daga Yola ko Gusau bai ma san an yi hukuncin ba. A 1985 Gani ya fara buga Nigerian Weekly Law Reports, yana fitar da hukunce-hukuncen manyan kotuna mako-mako ga duk mai iya saye. Daga nan ƙaramin lauya da babba suka koma karatu daga shafi ɗaya. A ganina wannan ce hidima mafi girma da ya yi wa sana'arsa, ko da yake sayarwa yake yi, kuma ya yi arziki da ita.

Eh, ya yi arziki, kuma bai ɓoye ba. Ina jaddada wannan ne saboda akwai wata gurguwar fahimta a tsakaninku, cewa mai yi wa jama'a aiki dole ya zama faƙiri, ko kuma ya zauna jiran wata ƙungiyar ƙasashen waje ta ba shi tallafi. Gani yana karɓar kuɗi mai tsoka daga masu hali, yana sayar da littattafansa, kuma da wannan yake ɗaukar shari'ar wanda ko kuɗin mota ba shi da shi. Tun 1971 ya fara ba ɗalibai marasa galihu tallafin karatu daga aljihunsa, bai daina ba har ya koma ga Allah, kuma bai tsaya kan 'yan Ondo kaɗai ba. Ranar zagayowar haihuwarsa, mabarata da naƙasassu yake tarawa ya ciyar da su. Mai ci da guminsa shi ke iya kallon gwamna ya ce a'a, don babu abin da za a janye masa ya kwana da yunwa. Saboda haka ke mai karatun aikin jinya, da kai mai koyon gyaran waya, da kai da ke aji uku a sashen shari'a kana kwafar aikin wani daga intanet, ku fara ƙwarewa tukuna. Tausayi ba ya ɗinke rauni idan hannun bai iya ɗinki ba, kuma lauyan da bai yi karatu ba, komai kyan niyyarsa, ƙara wa wanda yake karewa zaman kurkuku zai yi.

Mai son ya ga inda ake buƙatarsa ba sai ya je Legas ba. Ya je harabar kotun majistare mafi kusa da shi da safiyar Litinin, ya tsaya daga gefe. Zai ga motar gidan yari ta tsaya, an sauko da samari biyu-biyu a ankwa ɗaya, wani silifas ɗinsa ma wari da wari ne. Zai ga wata tsohuwa ta kwance bakin zaninta, ta fito da takarda da ta yi laushi saboda ninki, tana miƙa wa duk wanda ta gani da baƙar kwat tana cewa, "Ɗan nan, don Allah duba mini, yaushe suka ce a dawo?" Rubutun da ke jiki bai wuce layi uku ba. Ɗanta ya shekara a tsare kan rigimar da ko an same shi da laifi hukuncinta bai kai wata shida ba. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya ce fayil yana ma'aikatar shari'a ana jiran shawara, alƙali ya ɗage zama, ita kuwa ta sayar da akuyarta ta ba wani ɗan kamasho a bakin ƙofa, wanda ya rantse mata ya san magatakarda. Kusan biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Akwai hukumar ba da agajin lauya kyauta da gwamnati ta kafa tun 1976, amma lauyoyinta ba su wadata ba, kuma tsohuwar nan ba ta taɓa jin labarinta ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ɗora wa majistare ya riƙa zagaya ofisoshin 'yan sanda duk wata yana duba waɗanda ke tsare. A bangon caji ofis an rubuta beli kyauta ne, kowa kuma ya san yadda wannan kyautar take ƙarewa. Doka tana nan. Wanda zai karanta wa tsohuwa takardarta, ya raka ta ofishin da ya dace, ya rubuta takardar neman beli, ya zo ranar da aka ɗage, a sake ɗagewa ya sake zuwa, shi ne ya yi ƙaranci. Rabin wannan aiki ma ba ya buƙatar hular lauya. Ɗan sakandare mai iya karatu da haƙurin bin layi zai iya shi.

Ba zan yaudare ku ba, abin yana da farashi, kuma Gani ya biya shi da jikinsa. A Yunin 1989, lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya gallabi mutane a mulkin Janar Babangida, ya kira taro a ofishinsa don a tattauna wata mafita dabam. Jami'an tsaro suka hana taron, suka kama shi tare da Tai Solarin da dattijon 'yan ƙwadago Michael Imoudu. Shi aka wuce da shi kurkukun Gashuwa, a jihar Borno ta wancan lokaci, nesa da kotunan Legas da 'yan jaridarta, inda rashin lafiya ta kwantar da shi har aka kai shi asibiti a Maiduguri. A 1992 aka kulle shi a Kuje tare da Dokta Beko Ransome-Kuti da Femi Falana bisa tuhumar cin amanar ƙasa. A 1994 'yan bindiga suka far wa ofishinsa, suka jikkata masu gadi. A 1995 shi ya jagoranci lauyoyin Ken Saro-Wiwa, har suka janye don sun ga kotun ta musamman ba adalci ta zauna yi ba, kuma a Nuwamban shekarar aka rataye Saro-Wiwa da mutum takwas. A 1996 gwamnatin Janar Abacha ta ajiye shi a kurkukun Bauchi kusan wata goma. Fasfonsa kuwa an ƙwace ya fi a ƙirga.

Ku dubi sunayen da ke cikin wannan jeri: Beko likita, Falana lauya, Solarin malamin makaranta. Aiki ne ya haɗa su, ɗakin kurkuku ya ƙara ɗaure su, kuma idan an kama ɗaya sauran ne ke tsaye a kotu da ofishin jarida. Ku ma ku zauna ku duba naku abokan. Me ya haɗa ku? Idan amsar ita ce kallon ƙwallo da raba data da gulmar 'yan aji, babu laifi, amma kada ku ɗora musu nauyin da ba su yi alkawarin ɗauka ba.

Sakamakon fa? Shekara da shekaru aka hana shi lambar babban lauya ta SAN, yana kallon waɗanda ke karanta littattafansa suna samu. Ɗaliban jami'ar Ife ne suka gaji suka naɗa shi Babban Lauyan Talakawa a 1988, ita kuwa ta hukuma sai 2001 ta zo, bayan shekara 36 yana aiki. Ya kafa jam'iyyar NCP a 1994, lokacin da soja suka haramta siyasa. A 2002 shi ya tsaya a Kotun Ƙoli a shari'ar da ke ɗauke da sunan Alhaji Balarabe Musa, aka rusa sharuɗɗan da hukumar zaɓe ta gindaya wa masu neman rajistar jam'iyya, ƙofa ta buɗe wa ƙananan jam'iyyu. Sai ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 2003. Talakawan da ya shekara 30 yana shiga kurkuku dominsu ba su ba shi ko kashi ɗaya cikin ɗari na ƙuri'u ba. Ku riƙe wannan da kyau, ku masu raba shinkafa da azumi kuna lissafin kujerar kansila a zuci. Jama'a ba ta sa hannu a takardar bashi da kowa ba. Gani bai yi zuciya ya rufe ofis ba, ya koma kotu. Kuma a 2008, yana fama da cutar da ta zama ajalinsa, gwamnatin Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa ta ba shi lambar girmamawa ta OFR, ya ƙi karɓa, ya ce halin da talaka ke ciki bai bar wurin biki ba.

Ba waliyyi nake kwatanta muku ba. Mutum ne mai faɗa, mai kaifin harshe, wanda ba ya raga wa abokin aiki idan sun saɓa. A 1984, da ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ta umarci 'ya'yanta su ƙaurace wa kotunan soja na gwamnatin Janar Buhari, shi ya ƙi bi, ya je, ƙungiyar ta sa sunansa a littafin marasa mutunci, kuma har yau akwai masu ganin a nan ya yi kuskure. Sai kuma abin da ya faru tsakaninsa da Dokta Olu Onagoruwa, amininsa kuma abokin gwagwarmayarsa na shekaru. Da Abacha ya karɓi mulki a Nuwamban 1993, Onagoruwa ya karɓi muƙamin Antoni Janar, daga nan amincin ya lalace, har ta kai su ga musayar magana a jaridu. Malamanmu sun karantar da mu cewa hana aboki shiga zalunci shi ma taimakonsa ne, kuma a wannan ina tare da Gani. Inda nake da ja shi ne wurin da ake yin maganar. Gaskiyar da za ka gaya wa amininka, a zaurensa ya kamata ta fara sauka, ku biyu, kafin duniya ta ji. Onagoruwa daga baya ya fito fili ya nesanta kansa da wasu dokokin da gwamnatin ta kafa, ya rasa kujerar, kuma a 1996 'yan bindiga suka kashe ɗansa. A irin wannan rana mutum yana buƙatar tsohon aboki, kuma maganar da aka riga aka buga a jarida tana sa ƙafa ta yi nauyin zuwa. A zamaninku abin ya fi sauƙin lalacewa, tunda kowa da jaridarsa a aljihu.

Amma idan ana maganar Gani da abota, sunan da ke zuwa farko shi ne Dele Giwa. Giwa ɗan jarida ne, shi da Ray Ekpu da Dan Agbese da Yakubu Mohammed suka kafa mujallar Newswatch, wadda ta fara fitowa a farkon 1985. Gani lauyansa ne kuma amininsa. A tsakiyar Oktoban 1986 hukumar tsaro ta farin kaya ta kira Giwa ta yi masa tambayoyi kan wasu zarge-zarge masu nauyi, abin ya dame shi, ya sanar da lauyansa. Ranar Lahadi 19 ga wata, da hantsi, yana gidansa a titin Talabi da ke Ikeja, suna karin kumallo a ɗakin karatunsa shi da abokin aikinsa Kayode Soyinka, aka shigo masa da wani ƙunshin saƙo da aka kawo bakin ƙofa. Ya ɗora a cinyarsa, ya fara buɗewa. Bam ne. Aka garzaya da shi asibiti, ya cika a ranar, yana da shekara 39. Najeriya ba ta taɓa ganin kisa irin wannan ba.

An yi makoki, an yi rubuce-rubuce masu zafi, an rantse ba za a manta ba, kamar dai yadda muka saba. Bayan sadakar arba'in, a ce, kowa ya kama gabansa. A ƙa'idar aiki ma Gani ya fita, tunda wanda ya ɗauke shi ya mutu, babu mai biyan kuɗi, babu mai tambayar ina aka kwana. Shi kuwa cikin 'yan makonni ya haɗa takardu ya kai wa daraktan gabatar da ƙara na jihar Legas, yana neman a gurfanar da manyan jami'an tsaro biyu, Kanar Halilu Akilu, shugaban leƙen asiri na soja, da Laftanar Kanar A. K. Togun na hukumar farin kaya, ko kuma a ba shi dama ya gurfanar da su da kansa. Ku tuna, a ƙarƙashin mulkin soja ake wannan. Daraktan ya ƙi cewa eh, ya ƙi cewa a'a. Gani ya tafi babbar kotu, aka kore shi. Ya ɗaukaka ƙara, aka ce masa ba shi da hurumi, wato a taƙaice ina ruwanka. Ya wuce Kotun Ƙoli, kuma a ranar 18 ga Disamba, 1987, kotun ta ba shi gaskiya a kan wannan gaɓa: idan an yi kisa, dokar Legas ba ta taƙaita neman haƙƙi ga dangin jini ba, kowane ɗan ƙasa mai tsaron ɗan'uwansa ne, balle aboki kuma lauya.

A nan adalci ya wajaba a kaina. Jami'an biyu sun musanta zargin tun farko, kuma da aka kai maganar gaban babbar kotun Legas a 1988, alƙali ya yi watsi da tuhumar don bai ga hujjar da za ta ɗauke ta ba. Babu kotun da ta taɓa samun su da laifi. Su ma suka yi ƙarar Gani kan ɓata suna, aka yanke masa biyan naira miliyan 6, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta soke. A cikin wannan dambarwa, a Janairun 1990, wani alƙali ya yanke masa ɗaurin shekara ɗaya kan raina kotu, shi ma aka soke daga sama. Ba ina gaya muku wanda ya kashe Dele Giwa ba ne. Ina nuna muku mutumin da ya ƙi yarda a binne tambayar tare da gawar.

Da gwamnatin Obasanjo ta kafa kwamitin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa don binciken take haƙƙin ɗan Adam, sai ga Gani, shekara 14 bayan kisan, ya sake bayyana da fayil ɗinsa, furfura ta cika masa kai, yana ba da bayani kamar jiya abin ya faru. Janar Babangida da jami'an biyu suka garzaya kotu suna ƙalubalantar ikon kwamitin na kiran su, ba su bayyana ba, kuma a 2003 Kotun Ƙoli ta ce kwamitin ba shi da ikon tilasta musu. Rahoton da kwamitin ya miƙa a 2002, gwamnati ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba. Idan da ma'aunin nasara za a auna, wannan ce shari'ar da Gani ya fi daɗewa a kanta kuma bai ci ba. Ni kuwa ita ce nake so ku fi tunawa. Dukanmu muna da mamaci: abokin da ya bar marayu, abokiyar da ta rasu wurin haihuwa ta bar jariri a hannun kaka, maƙwabcin da aka cinye wa gadon 'ya'ya ana kallo. Ranar janaza maƙabarta takan cika har a rasa wurin tsayawa. Ku je gidan bayan shekara biyu, lokacin biyan kuɗin makaranta, ku ƙirga takalman da ke ƙofar zaure. Zumunta a ƙafa take, kuma mamaci ba ya iya biyan ziyara, don haka wanda ya ci gaba da zuwa ba ramuwa yake jira ba.

Ciwon dajin huhu ne ya yi ajalin Gani a Legas yana da shekara 71, aka binne shi a Ondo ranar 15 ga Satumba, 2009. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa kurakuransa. Gwamnatin Legas ta sa wa wani fili a Ojota sunansa, kuma a nan dubban mutane suka taru a Janairun 2012 lokacin zanga-zangar cire tallafin mai. Kisan Dele Giwa kuwa har yau ba a hukunta kowa a kansa ba. A Fabrairun 2024 wata ƙungiyar kare haƙƙin 'yan jarida, Media Rights Agenda, ta samu hukunci a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, inda aka umarci gwamnati ta sake buɗe bincike kan kashe-kashen 'yan jarida, kuma sunan Giwa yana cikin jerin. Samun umarni abu ɗaya ne, bin sa ofis-ofis har a aiwatar wani abu ne dabam, kuma lauyoyin da wannan aiki zai faɗo a kansu sa'o'inku ne.